Ba Abin Da Ke Damunta Sai Batir

Lissafi ne ya ja ni, kuma har gobe ban ga aibin lissafin ba. Duk mai 'yar fadama a ƙasar Haɗeja ya san wahalar shinkafa ba ta ƙarewa ranar yanka. Ka yi fama da jan-baki, ka yi fama da kuɗin man injin ban ruwa, a buge, a sheƙe, a ɗura a buhu, sannan ka tsaya bakin gona kana lallashin mai amalanke, shi kuwa sai ya gama shawara da shanunsa kafin ya amsa maka. Na ɗauki biro na tara abin da dako ke ci mini a shekara, na ninka da shekarun da nake fatan Allah ya ara mini, sai na ga kuɗin ya sayi mota har da canji. Ni malamin lissafi ne a firamare. Idan lamba ta yi magana ba na jayayya da ita.

Motar da na samu a-kori-kura ce, Peugeot 504, ta wani dattijo a wani ƙauye da ke hanyar Malam Madori. A gindin maina na same ta, ta daɗe a wurin har ƙasa ta fara haɗiye tayoyinta. Irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna ce, a masana'antar nan ta Kakuri da ta fara aiki a 1975, wadda ta ci gaba da fito da 504 har cikin shekarun 2000, bayan Faransawan da suka ƙirƙiro ta a 1968 sun daɗe da daina yin ta a gidansu. Wanda ya yi wayo a shekarun 1980 ya san girmanta. Ita ke kai bandar kifi Kano, ita ke kai tumaki kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ita ke ɗaukar amarya da gadonta da kwallayenta da gwaggonninta a sawu ɗaya, ta keta yashi ba ta ce uffan ba.

Dattijon ya dafa mata goshi ya ce, "Ɗana, ba abin da ke damunta sai batir."

Mutum mai furfura, da carbi a hannu, ina ni ina ƙaryata shi? Kuma ta wani fannin gaskiya ya faɗa, domin batir ɗin babu shi sam.

Mai amalanken da na sayi motar don in huta da shi, shi na biya ya jawo ta da shanunsa har gida. Gidanmu a gefen gari yake, ta ɓangaren kogi, kuma a lokacin katangar ƙasa ce, da wani faffaɗan wuri da muka tare da zana. Aka yaye zanar, yaran unguwa suka turo ta tsakar gida da kabbara. Uwargida ta fito daga madafi da ludayi a hannu, ta zagaya motar a hankali, ta leƙa ta ramin da ke ƙarƙashin kujerar direba ta hango ƙasa.

"Malam, sannu da zuwa. Wannan bashi aka biya ka da ita?"

Na ce saye na yi.

"Da kuɗi?"

Na ce da kuɗi.

Ta ce Allah ya sa alheri, da muryar da take gaisuwar ta'aziyya. Inna kuwa daga kan tabarmarta cewa ta yi wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa, ta ci gaba da jan carbinta.

Na cire tayoyi, na ɗora motar a kan bulo, na ɗaga ta sama sosai don in riƙa shiga ƙarƙashi ba tare da na goge ƙeya ba. Da na buɗe bonet sai na tarar gari ne guda. Zanzaro ya yi gini a bakin kafireta, hawa biyu. Ɓeraye sun cinye rigar wayoyi sun bar jan ƙarfe tsirara. A cikin salansa akwai gyaɗa, wadda ban san ko ajiyar wane ne ba. Inji kuwa ya cije, ko da na rataya a jikin sifana da dukkan nauyina bai motsa ba.

A nan ne waya ta shigo cikin maganar. A YouTube akwai wani Bature a Amurka da ke tayar da matattun motoci. Garejinsa ya fi ajinmu tsabta, sifanoninsa na rataye a bango bisa tsari daga ƙarami zuwa babba, kuma kafin datar naira ɗari biyu ta ƙare ya tayar da motar da ta shekara talatin a kwance. Ya ce a kwance fulogi huɗun nan, a zuba man dizal a ramukansu, a bar shi ya jiƙa tsatsar da ta riƙe fistin. Na zuba. Bai faɗi abin da mutum zai yi da hannunsa kafin mai ya jiƙa ba, kuma ni hannuna ba ya iya zama.

To daga nan ne sauran ayyukan gida suka fara cin motar da ranta. Sabon batirin da na sayo, ganin yana zaune a banza, na haɗa shi da faifan sola, muka sami fitila a tsakar gida da wurin cajin waya, har maƙwabta na kawo tasu. Tiyon lagireto ya yi daidai da bakin injin ban ruwa, ya tafi fadama aro. Taya ɗaya ta zama mazaunin randa, ɗaya yara suka gangara da ita ban sake ganinta ba. Kujerar gaba ta koma zaure, baƙi suna yabawa. Kaza ta kama gurbin da kujerar ta bari, ta yi ƙwai, ta kwanta a kai, kuma kwanci kwana 21 ne, ba a tayar da mai kwanci. Bodin baya kuwa, da na dube shi da kyau, sai na ga tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk na tafkin kifi ne. Na shimfiɗa tamfol, na cika ruwa, na sayo 'ya'yan tarwaɗa.

Kiwon tarwaɗa a Haɗeja, garin da ake lodin kifi zuwa kudu, wasu sun ce kai ƙoƙon ruwa kogi ne. Na ce su ba su san kifin zamani ba. Nawa abincin kanti suke ci, na buhu, mai tsadar da ban taɓa faɗa wa uwargida ba.

Muna cikin haka daminar 2022 ta zo.

Kogin nan namu ba shi ne wanda kakanninmu suka sani ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, ya sauya hali. Da can ya cika da damina ya ja da baya da rani. Yanzu ruwa na tafiya kusan duk shekara, kachalla ta sami wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa har can wajen Nguru, laka da yashi suka cike gindin kogi. Idan ruwa mai yawa ya taso daga sama ya tarar da hanyarsa a rufe, sai ya nemi wata ta cikin gonaki da ɗakunan mutane. A shekarar nan Auyo ta gani, Kafin Hausa ta gani, Kiri Kasamma da Guri sun gani. An rasa rayuka, an rasa gidaje da amfanin gona, wannan ɓangaren ba na dariya ba ne, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Samarin Haɗeja kuwa dare da rana suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga, kuma duk wanda ya ga aikin da suka yi ba zai sake cewa yaran yanzu ba su da zuciya ba.

Mu da ke bayan jingar, ruwa ya shigo mana cikin dare. Katangar ƙasa ta jiƙa ta zauna. Na duba gidan kaf, ba wani wuri mai tudu sai motar nan da ke tsaye a kan bulo. Ga buhunan shinkafa a ɗaki ruwa na lasar gindinsu. Ba shawara, na zare tamfol. Tarwaɗana da na yi wata da watanni ina ciyarwa da abincin kanti suka zuba cikin ruwan tsakar gida, suka tarar da 'yan uwansu na kogi da suka zo ziyara, suka bi su ko waiwaye babu. Muka loda shinkafa a bodi, muka ɗora awaki a kan shinkafa, Inna ta shiga gaba ta zauna kusa da kaza a kan kujerar tsugunno, yara suka hau rufi.

Ina so a rubuta wannan a ajiye: lodin farko da motata ta ɗauka ya fi na kowace a-kori-kura a tashar Haɗeja daraja, kuma ko ɗigon mai ba ta sha ba. Uwargida da kanta ta ce, "Malam, yau kam ta yi rana." Bayan kwana kaɗan wani yaro ya kawo mini tallan tarwaɗa masu ƙiba, na gane su, su ma na tabbata sun gane ni, na biya.

Da ruwa ya janye na yi rantsuwa ba ni ba katangar ƙasa. Magina sun faɗi kuɗin da ya sa na koma wajen waya, na sami wani Ba'indiye mai koyar da jera bulo. Na haƙa tushe mai zurfi, na zuba kankare, na sa rodi a kowace kusurwa, siminti kuwa ban yi masa rowa ba. Na sami wata ƙofar ƙarfe ta hannu a wajen mai walda, mai kyau, mai araha, na gina katangar daidai da ita. Duk wanda ya wuce sai ya ƙwanƙwasa ya ce ma sha Allah.

Sannan na koma kan mota da gaske. Dizal ya yi aikinsa, inji ya saki. Na shiga Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, inda na ga ilimin da ba a koyarwa a aji. Na fara kwatanta wa wani mai shago abin da nake nema da hannu, kafin in gama ya tura yaro cikin tarin ƙarafa, ya fito da kafiretar 504 da kwantak da fanbel, ya kuma gaya mini abin da zai lalace nan gaba, ya ce gara in saya tun yanzu in huta da kuɗin mota. Na ƙi. Na dawo na saya a mako na gaba.

Wayoyin da ɓeraye suka ci su suka sa na kira bakanike, ba don na kasa ba, sai don a ba matasa aiki. Ya zo da yaransa biyu, ya leƙa, ya tambayi ina batir, aka kwance fitilar gida. Ina tiyo, aka aika fadama. Ina kujera, aka tayar da baƙo a zaure. Muna tsakar wannan tattara dukiya, ranar 29 ga Mayu 2023 sabon shugaban ƙasa Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da farashin gwamnati bai kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Manoma a fadama suka fara mayar da injinan ban ruwa su koma shan gas na girki, sai na ga ai abin da ya yi injin ban ruwa zai yi mota. Na ɗauko tukunyar gas daga madafi. Ban kai bakin ƙofa ba na ji an ce, "Malam, ajiye." Na ajiye.

Da galan ɗaya na fetur muka tayar da ita. Ta yi tari, ta yi atishawa, ta harbo gyaɗar nan ta salansa har cikin gidan maƙwabci, sannan ta kama. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Hayaƙi ya rufe unguwa, mata na guɗa, kaza ta fice ta taga. Sai lagireto ya fara ɗiga. Tsofaffin direbobi kan zuba garin barkono ya toshe ƙananan huji, ni kuma na yi tunani irin na mai ilimi, na ce abin da ya fi yauƙi zai fi toshewa, na zuba garin kuka. Da inji ya yi zafi bakanike ya buɗe murfi da tsumma, ya sunsuna, ya dube ni.

"Yallaɓai, daddawa kawai ya rage."

Aka wanke, aka kai wa mai walda ya like. Aka nemo tayoyi. Ranar wata Juma'a bayan sallah na sa babbar riga, na shiga, na taka kulochi, na sa giya ɗaya, motar ta taka ƙasa da ƙafarta a karon farko, ta nufi ƙofa. A nan na taka birki, kuma alhamdu lillahi ya kama.

Na fito na auna ƙofa. Na auna mota. Na sake aunawa daga ɗaya gefen, ko za a dace. Motar ta fi ƙofar faɗi da kusan taƙi biyu. Ni dai a fahimtata ƙarfe ne ya kumbura saboda ruwan da ya sha a ambaliya, kuma duk wanda ya san kimiyya ya san tsatsa na ƙara wa ƙarfe kauri. Bakanike ya ce bai taɓa jin tsatsa mai taƙi biyu ba. Na ce shi ya sa yake bakanike nake malami.

Maƙwabcina ya leƙo ya ce kada in fasa komai, in bar wa kogi, shi zai buɗe mini hanya kyauta. Damina ta zo, ruwan sama kaɗai ya kwantar da katangarsa, tawa ko tsagewa ba ta yi ba. Na kira masu fasa gini, babbansu ya buga guduma sau ɗaya ta dawo masa, ya tambayi wane mugun ne ya yi wannan aiki, ya faɗi kuɗin da ya kusa na ginin. Bakanike ya ce zai iya kwance motar gunduwa-gunduwa a fitar ta ƙofa a sake haɗawa a waje, amma ba ya ɗaukar alhakin abin da zai ɓata a hanya, tunda ya ga yadda kayan motar nan ke samun aiki a gidan.

Yanzu duk yammacin Juma'a nakan tayar da ita don kada inji ya sake cijewa. In tafi gaba har bakin akurki, in dawo da baya har bakin rijiya, yaran unguwa cike da bodi suna ihun "Kano! Kano! Saura mutum ɗaya!" Na kuma sami wani bidiyo na yadda ake gina gangara da kankare, na yi lissafin tudu da nisa, na ga idan aka fara daga ƙofar madafi motar za ta haye katangar ta sauka a titi lafiya lau. Siminti na nan na sayo. Cebur da igiyar awo ne na nema sama da ƙasa ban gani ba, kuma uwargida ta ce ita ma rabonta da su tun ranar da ta ji ina lissafin da ƙarfi.