Ɗalibin Ranar Wasa

A makarantun sakandaren ƙasar Zazzau ta arewa, daga Ikara zuwa Makarfi zuwa Hunkuyi, ɗalibai iri biyu ne. Akwai wanda ake gani kullum: ya yi sammako, ya yi shara, ya sha bulalar latti, ya rubuta jarrabawa. Akwai kuma wanda ba a ganinsa sai ranar da makaranta za ta kara da wata a filin ƙwallo. Wannan na biyun shi ake kira sojan haya. Tun da iyaye da yawa ba su san yadda ake samar da shi ba, kuma 'ya'yansu ne ke biyan kuɗin aikin, ya kamata a yi bayaninsa filla-filla.

Sojan haya yakan shiga makaranta wajen ƙarfe biyu na rana, ya kammala karatunsa kafin magariba. Shirinsa daga shagon mai aski yake farawa, kuma da safiyar ranar ake yin askin, domin gemun da aka kwashe jiya yakan leƙo kafin rafali ya busa usur. Daga nan sai a aro masa yunifom wurin ɗalibi na gaskiya. Wandon yakan tsaya a ƙwauri, rigar kuma ba ta yarda a ɓalla maɓallin ƙirji, don haka ake ce masa ya tsaya a layin baya lokacin tantancewa. Sai babban aikin, wato suna. Ana duba rajista a zaɓo sunan wani yaro da ke aji biyu na babbar sakandare a ba shi, a haɗa masa da sunan firinsifal, da na malamin aji, da na malamin lissafi, ya yi ta bita a bayan mota har a iso fili.

Yawancin sojojin haya suna haye wannan tantancewa. Inda ake samun matsala shi ne cikin wasa. Mutum ya yi shekara ashirin da wani abu yana amsa suna guda, ba a raba shi da shi da la'asar ɗaya. Rafali zai ɗaga katin gargaɗi ya kira sunan da ke takarda har sau uku, mai sunan aro yana can yana gyara safa bai waiwayo ba. Ko kuma wani ɗan kallo ya ƙura masa ido ya ce, "Kai, ai wannan shi ya ɗauko ni a babur daga Tashar Yari!" Nan take fili ya ɗauka.

A ƙa'ida, makarantar da aka ci tana da damar rubuta ƙorafi. Ba kasafai take rubutawa ba, saboda sau da yawa ita ma da nata a cikin fili, kuma in aka ce a kawo rajista, ta kowa za a kawo.

Wanda ke tsakiyar wannan sha'ani duka shi ne gems masta, kuma kafin a ɗora masa laifi sai an san ko shi wane ne. Sau da yawa malamin motsa jiki ne, wani lokacin kuma malamin wani darasi ne daban da aka ga yana da sauran ƙuruciya aka ce ya riƙe. Da albashinsa yake sayen ƙwallo. In ta fashe shi ke kai ta wurin mai gyaran takalmi a ɗinke. Shi ke tura yara gidajen maƙwabta su roƙo toka a ja layin fili, shi ke neman gorar da za a kafa raga. Ya san yaron da bai karya kumallo ba, ya san wanda ya yi mako bai zo ba don yana lodin rake a Makarfi ko tsinkar tumatir a fadamun Ikara. Firinsifal zai aika wa irin wannan yaro takarda uku bai dawo ba. Gems masta kuwa saƙo ɗaya zai bayar, cewa wanda bai kwana biyar a aji ba ba zai sa jesi ranar Asabar ba, Litinin sai ga yaro a sahun gaba da littafinsa. Babu wani malami a makarantar da maganarsa ke da wannan nauyi a kunnen ɗan shekara goma sha shida. Yara da dama a Gimi da Paki da Likoro sun kai ga rubuta jarrabawar ƙarshe ne don wani gems masta ya riƙe su da ƙwallo, kuma ba a taɓa kiransa gaban taro an gode masa ba.

To wannan nauyin maganar shi ne kuma ke sa ɓarnarsa ta fi ta kowa. In shi da kansa ya ce wa yaro, "Cire rigarka ka ba wannan, yau shi ne kai," yaron ya ɗauki darasin da ba zai manta ba, kuma daga bakin mutumin da ya fi yarda da shi.

Da makarantun kuɗi suka yawaita, sai sana'ar ta sami sabon salo. Mai makaranta yana son kofi a kan teburin ofishinsa da hoton 'yan wasa a kalandar ƙarshen shekara, domin uban da ya zo tambayar kuɗin zango yana kallon bango kafin ya kalli takarda. Aron awa huɗu bai ishe shi ba, shi ɗaukewa yake yi gaba ɗaya. Zai tura kocinsa ranar gasar gidaje ta makarantar gwamnati ya tsaya a inuwar darbejiya yana kallo, kamar dillalan raken da ke zagaya gonaki suna saye tun rake bai gama nuna ba. Bambancin kawai, manomin rake ana biyansa. Gems mastan da ya yi shekara uku yana rainon lamba tara, sai dai ya ji labari ranar da aka dawo hutu.

Cinikin a zaure ake yinsa bayan sallar isha'i. Koci ya durƙusa ya gaida mai gida, ya ce, "Baba, yaron nan naka Allah Ya ba shi ƙafa. Muna so ya dawo wurinmu, ba ka biyan ko sisi, har takalmin ƙwallo mu za mu saya." Uba ya yi shiru, sannan ya ce, "To Malam, karatun fa?" Koci ya ce, "Duk yana ciki, Baba." Tambayar uban ita ce daidai. Kuskurensa guda, da aka amsa masa da baki sai ya karɓa da baki.

A kan wannan ne malamai ke ta muhawara a ɗakin hutunsu. Na gwamnati suna cewa sata ce tsagwaronta: mu shuka, wasu su girbe, sannan a haɗa mu wasa da su a ce gasa ake yi. Masu makarantun kuɗi suna cewa ɗan talaka ne muka ɗauko daga ajin da ake zama a ƙasa muka ba shi kujera da malami, ina laifinmu? Ni a ganina, in yaron yana zama a kujerar da gaske, masu makarantun kuɗi sun fi gaskiya, ko da abin ya yi wa gems masta ciwo. Ƙafar yaro tasa ce, in za ta saya masa ilimi ba wanda ya isa ya hana. Amma in kujerar a takarda kawai take, yaron yana fili safe da yamma, malamai sun san ba a tambayarsa aikin gida, to wannan ma sojan haya ne, sai dai kwangilarsa ta fi tsawo.

Kada a ɗauka mu kaɗai ke wannan rigima. A Amurka, inda ƙwallonsu da hannu ake ɗaukarta a ruga, kocin makarantar sakandare babban mutum ne a gari. A garin Allen na jihar Texas, a 2012 aka buɗe wa makarantar sakandare filin wasa mai cin mutum 18,000 da aka kashe wa kusan dala miliyan 60. A jihar Tennessee, a 1997, kocin wata makarantar kuɗi mai suna Brentwood Academy ya rubuta wa wasu yara wasiƙa yana gayyatarsu atisaye tun ba su fara karatu a makarantar ba. Hukumar wasannin makarantun jihar ta ce wannan zawarcin 'yan wasa ne, ta hukunta makarantar. Maganar wasiƙar nan sai da ta je Kotun Ƙolin Amurka sau biyu, a 2001 da 2007, a karo na biyu kotu ta ce hukumar tana da ikon hana irin wannan zawarci. A jihar Illinois kuwa lissafi suka sa. Tun da makarantar kuɗi tana iya ɗauko yaro daga ko'ina, sai aka ce a ninka yawan ɗalibanta da 1.65 wajen raba rukuni, wato mai ɗalibi 400 a ɗauke ta a matsayin mai 660, ta je ta kara da manya.

Su ma suna da nasu sojojin hayar, har sun fi mu nisa. A watan Agustan 2021 tashar ESPN ta nuna wasa kai tsaye tsakanin IMG Academy da wata makaranta daga jihar Ohio mai suna Bishop Sycamore, aka lallasa ta 58 da nema. Da aka bincika sai aka tarar wasu 'yan wasanta sun riga sun gama sakandare, hukumomin ilimin jihar kuma suka nemi azuzuwa da darussa na kirki suka rasa. Mu muna kawo ɗan wasan da ba shi da makaranta, su suka kawo ƙungiya sukutum da ba ta da ita.

A gida ma alƙiblar a bayyane take. Da aka farfaɗo da gasar Kofin Shugabannin Makarantu ta ƙasa a 2021, Fosla Academy ta Abuja, makarantar kuɗi da tsohon shugaban hukumar ƙwallon Najeriya Sani Lulu Abdullahi ya kafa, ita ta ɗauki kofin bayan ta doke Christ Comprehensive College ta Kaduna a wasan ƙarshe. Ba abin mamaki ba ne. Makarantar da ta tanadi fili da koci da abinci da aji a wuri guda za ta riƙa cin wadda ke jan layi da toka, ba tare da ta yi maguɗin komai ba. Maganin wannan shi ne gwamnati ta sa kuɗi a wasannin makarantunta, ba gems masta ya tafi tasha neman ɗan acaɓa mai ƙarfin ƙafa ba.

Abin da ake koya a filin makaranta ba a nan yake tsayawa ba. A 1989 hukumar FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasannin matasa, saboda ranakun haihuwar wasu 'yan wasa uku da aka kai gasar Olamfik ta 1988 sun saɓa da waɗanda aka bayar a baya, muka kuma rasa damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. A 2009, da aka yi gasar 'yan ƙasa da shekara 17 a nan ƙasar, har da wasanni a filin Ahmadu Bello na Kaduna da na Sani Abacha a Kano, FIFA ta shigo da na'urar MRI mai duba ƙashin wuyan hannu, domin ƙashi ba ya zuwa kotu ya yi rantsuwar shekaru. A 2016 'yan wasa 26 na ƙungiyarmu ta 'yan ƙasa da 17 suka faɗi wannan gwaji ana dab da wasa, maƙwabciyarmu Nijar ta fitar da mu, alhali mu ke riƙe da kofin duniya na 2013 da na 2015. Wanda ya rage shekara huɗu a Abuja ba ranar ya fara ba. Ya fara ne ranar da wani babba ya ba shi sunan wani ya ce ya haddace.

Mutum biyu ne ke kwana a ciki, kuma ba a cika ambatonsu a muhawarar ba. Na farko shi ne mai sunan na gaskiya. Ya yi zango guda yana atisaye ba takalmi, ranar wasa yana bakin fili da singileti, yana ji ana shelar sunansa ya ci ƙwallo. Irin wannan yaro ba ya sake zuwa atisaye, wani lokacin makarantar ma yakan bar ta. Na biyu shi ne wanda aka ɗauka kyauta, ya karye a aji biyu, zango na gaba aka miƙo wa ubansa takardar kuɗin makaranta. Ya bar tsohuwar makarantarsa, sabuwar ta fi ƙarfin aljihun gidansu, sai ya koma lodin rake da ɗingishi.

Shi ma gems masta akwai haƙƙinsa da ke salwanta. A dokar FIFA, in aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Amma sai ƙungiya mai rajista da hukumar ƙwallo, wadda ta rubuta sunan yaron a lokacin. Jihar Kaduna da ta fitar da Daniel Amokachi da Garba Lawal da Tijjani Babangida da Celestine Babayaro ya kamata malaman wasanninta su san wannan, su yi wa ƙungiyoyinsu rajista, su rubuta yaransu da sunansu da shekarunsu na gaskiya.

Gyaran bai fi ƙarfin ofisoshin ilimi na shiyya ba. A karɓi sunayen 'yan wasa da hotunansu tun farkon zango, ba ranar wasa ba. Kada yaro ya buga wa makaranta sai ya yi zango guda cur a cikinta, da sakamakon jarrabawarsa a hannu. Makarantar da aka kama da sojan haya a hukunta firinsifal tare da gems masta, domin ba a aron yunifom goma sha ɗaya mai gida bai sani ba.

Kai kuma Baba, in koci ya sake sallama a zaurenka, ka karɓe shi hannu bibbiyu, ka ba shi ruwa, domin mai yiwuwa alheri ya kawo. Amma kafin ka ce ka amince, a rubuta a takarda, mai makaranta ya sa hannu a gaban shaidu, cewa ko ƙafar yaron ta karye kujerarsa tana nan kyauta har ya rubuta WAEC da NECO.