A Fagge Kowa Yana da Mutum

'Yan cikin gari sun daɗe suna tsokanarmu da cewa mu 'yan waje ne, wai badala ta bar mu a baya. Ba ma yi musu musu. Mukan dai tambaye su inda suke nufa in za su haɗa lefe, ko canjin riyal na Umara, ko ɗinkin Sallah. Nan ake yin shiru, can wani ya ce a bar zancen, a zubo shayi.

Zaman bayan ganuwar ne ma ya yi mu. Tun zamanin ayari Fagge zango ce: Azbinawa su sauke gishirin Bilma da dabino, raƙuma su huta, su juya da hatsi da turkuɗi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ciniki ya ƙara buɗewa, Kwarori suka zo suka kafa kantunansu da gidajensu a gefenmu. Buzu ya zauna, Babarbare ya zauna, Banufe da Bayarabe da Balarabe duk suka zauna, aka yi ta auratayya. Shi ya sa har gobe ba ma iya ganin baƙo yana waige-waige a bakin titi mu wuce. Sai mun ce, "Malam, ina za ka?" Kuma ko me ya ce yana nema, amsarmu ɗaya ce: "Zo mu je, ina da mutum."

Amma ba ma shigar da baƙo kasuwa da yunwa, don mai jin yunwa ba ya iya tayi. Da sassafe akwai koko da ƙosai a bakin lungu, akwai ɗanwake da mai da yaji da dafaffen ƙwai, akwai waina da miyar taushe. Kowane layi yana rantsuwa mai wainarsa ce ta fi ta kowa a Kano, kuma ba a taɓa raba wannan gardama ba. In baƙon ɗan boko ne, sai teburin mai shayi: biredi, wainar ƙwai, madara ta ji. Kada ya kuskura ya sa hannu a aljihu. "Haba, Alhaji, a unguwarmu?"

Daga nan sai Kantin Kwari, kasuwar da ake cewa babu kamarta wajen tufafi a duk Afirka ta Yamma. Mu ba ma cewa ake cewa, cewa muke haka ne. Atamfa turmi-turmi har rufi, daga Holan da Super zuwa mai sauƙin kuɗi, ga shadda Getzner tana ɗaukar ido, ga leshi, ga yadin maza. Kunnenka zai ji Hausar Maraɗi da ta Damagaram, ya ji Larabcin Chadi da Fulatancin Kamaru, duk a layi ɗaya. In ka ji "Hanya! Hanya!" to ka matsa tun kafin ka waiga, ɗan dako ne da dila a ka, ba ya da birki.

A nan ne "ina da mutum" take aikinta. Mutumin naka in ba shi da kalar da ake so, shi ma yana da mutum, wanda shi ma yake da mutum a bene na uku. Kafin atamfar ta iso hannun Hajiya ta bi ta hannu huɗu, kowane ɗan kayi-nayi ya ɗora abin shan ruwansa, kuma kowa ya rantse don mutunci ya bari haka. Duk da haka sai an yi tayi. Mai shago ya faɗi kuɗi, kai ka riƙe baki. Ka taya, ya ce "Albarka." Ka juya kamar za ka tafi, ya ce, "Dawo, Alhaji, don kai ne." Wanda ya biya kuɗin farko ba tare da tayi ba, har mai shagon sai ya ji tausayinsa.

Wanda aljihunsa ya zo da sefa, Wapa za mu kai shi. Tun kafin mota ta tsaya ana leƙo taga: "Alhaji, dala ce ko riyal?" Yaran yanzu sun ɗauka tun fil azal wurin canji ne, alhali gidan silima ne a da, kamar Plaza, wadda ita ma sunan ne ya rage. Dattawanmu da yanzu suke sahun farko a masallaci, su ne suka yi layin tikiti a can. Ka zauna da ɗayansu bayan la'asar, zai ba ka labarin fim ɗin Indiya tun daga farko har mutuwar bos, da abin da jarumi ya ce wa jaruma, shi da bai san ko "sannu" da Indiyanci ba.

Rana ta take, sai gurasa. Mun yarda a cikin gari ake gasa ta a tanderu, wannan ba mu ja ba. Amma ci, a bar mana. Mai bandashe ya tsoma ta a ruwa ta yi laushi, ya barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli mai yaji, ya kwarara man gyaɗa, ya yanka albasa da tumatir da kabeji. In aljihu da nauyi a ɗora tsire. Wanda bai ƙoshi ba ga garau-garau, shinkafa da wake da mai da yaji, abincin da attajiri yake aikawa a sayo masa a ɓoye. A bi da fura da nono mai sanyi, daga nan kuma kada a nemi kowa sai an kira salla.

In ranar Juma'a ce, baƙo ya shirya da wuri. Masallacin Juma'a na Fagge yakan cika ya tumbatsa, sahu ya fito har kan titi, Kwari ta yi tsit na ɗan lokaci. Ana sallamewa masu turare da hula da carbi da dabino su dasa tasu kasuwar.

Akwai kuma wuraren da ba ma zuwa sai mun yi baƙo. Karofin Ƙofar Mata ga shi nan kusa, tafiyar ƙafa, an ce tun 1498 ake rini a wurin. Turawa suna tasowa daga ƙasashensu su ga yadda ake haɗa baba da toka a rami, a tsoma farin yadi a ɗaga ya sha iska har ya koma shuɗi, a kai wa mabuga su buge shi ya yi ƙyalli. Mu kuwa kullum muna wucewa ta gabansa a cikin A Daidaita Sahu, wadda ta gaji acaɓa tun da aka hana shi a 2013. Amma ranar da muka kai baƙo, mu ne masu bayani, har marinin ma sai mun gyara masa zance.

Filin wasa na Sani Abacha kam ba ma jiran baƙo. Ranar da Kano Pillars take gida, tun azahar ake jin "Sai Masu Gida!" Mun ci kofin lig a 2008, muka jera uku daga 2012 zuwa 2014, kuma duk wanda ya zauna a majalisarmu sai ya ji wannan lissafi, ko bai tambaya ba.

Majalisar ita ce dare. Bayan isha'i a fito da benci da tabarma, mai tsire ya hura wuta, balangu yana ɗiga a takarda, butar shayi tana kan gawayi. A yi siyasa, a yi Madrid da Barcelona, a yanke wa dala farashin gobe. Wanda ya yi marmarin sakwara da miyar agushi, Sabon Gari ga ta nan da tsallaka titi, can ma muna da mutum.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne tarkonmu. Shaddar nan da aka saya a Kwari ba ma bari a tafi da ita haka, bayan duk Kano an san ɗinkin Fagge. Muna da tela, aikinsa kamar a Dubai. Zai auna baƙo, ya karɓi kuɗin zare, ya dafa ƙirji ya ce, "Jibi in sha Allahu, Yallaɓai, ko guga an yi." Baƙo ya ɗaga tafiyarsa zuwa jibi. Jibi a ce saura aikin wuya, gata a ce wuta aka ɗauke. Kafin kaftanin ya fito, ya san mai waina da sunanta, yana da wurin zama a benci, an fara yi masa zancen wani ɗaki da za a saki a bayan layi. Rabin unguwar nan, in ka bi salsala, kakanninsu ɗinki suka tsaya jira.