Babarbaren Birniwa, nawa aka sallama ka?

Gaisuwar ubangida zuwa ga bawansa, Injiniyan Birniwa. Na san za ka ce yaushe Bafulatani ya zama ubangidan Babarbare. Je ka tambayi masu tarihi abin da ya faru a 1808, shekarar da mutanenmu suka shiga Birnin Ngazargamu, Mai Ahmad ya tattara ya ba su wuri. Kada ka yi saurin jawo mini Shehu Laminu, zan zo kansa. Kuma kada ka ɓuya a bayan cewa kai Bamange ne. Manga da Barebari a wurina duk kanwar ja ce.

Dogayen saƙonninka na murya sun iso, na saurare su ina shan fura, don kuka irin naka ba a jin sa da yunwa. Bari in maimaita wa masu karatu, tunda ka ce duniya ta shaida. Wani kamfani a Legas ya sami aikin haɗa kwamfutoci da intanet a wasu ofisoshi, daga Haɗeja zuwa Malam Madori har bakin iyakar Yobe. Ya miƙa wa wani a Abuja. Na Abuja ya kira ejan a Kano, ejan ya lalubo lambarka. Ya yabe ka, ya ce duk yankin Haɗeja babu kamarka, kanka ya kumbura har hular nan taka ta kasa zama. Sannan ya yi maka tambayar da ta kashe ka: "Injiniya, aikinka na baya nawa aka biya ka a rana?" Kai kuma, da yake kana son a ce maka mai gaskiya, ka faɗa masa. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce wallahi kasafin wannan aikin bai kai haka ba, amma ka daure, akwai manya suna tafe. Ka daure. Ka gama aiki tun kafin a yanke gero, ga shi an sheme riɗi an kai kasuwa, kai kana nan kana duba waya ko alat ya shigo. In ka kira, "kamfani bai saki kuɗi ba tukuna". In ka sake kira, "Oga ya yi tafiya". Daga baya wayar ma ta daina shiga. Abin da ya fi ƙona maka rai kuwa shi ne takardar da aka turo maka bisa kuskure, wadda ka ga abin da ejan ya rubuta a kanka kowace rana, ya ninka abin da ya ce zai ba ka har da ɗoriya.

To Allah ya ba ka haƙuri. Yanzu bari mai shanu ya koya maka ciniki.

Ranar Alhamis in na kai sa kasuwar Maigatari, ni ma ta hannun dillali nake bi. Ban san Bayaraben da ya zo da tirela daga Legas ba, shi ma bai san ni ba, dillali ne ya san mu duka. Amma ina tsaye ake tayawa. Da kunnena nake jin abin da mai saye ya faɗa, da bakina nake cewa albarka, da bakina nake sallamawa. La'adar dillali sananna ce, kowa ya ji ta. Ba na ce dillalan kara waliyyai ba ne, akwai mai jan mai saye gefe su yi ƙus-ƙus, mun san su. Shi ya sa igiya ba ta barin hannuna sai kuɗi ya shiga aljihuna na ƙirga. Kai fa? Ba ka ji tayi ba, ba ka san mai saye ba, ba ka san la'ada ba. Da aka gama aiki ka miƙa lambobin sirri da taswirar wayoyi da rahoto, komai da komai, ka dawo gida da "sai ka ji alat". Na daɗe ina neman matsayinka a cikin wannan ciniki. Ba kai ne dillali ba, ba kai ne mai saye ba, kuma wanda bai ji tayi ba ai ba shi ne mai dabba ba. Saura ɗaya ya rage, Injiniya, kuma shi ne wanda ake ɗaure wa igiya.

Abin kunya ne wannan ya sami jikan mutanen da suka yi ƙarnuka suna fataucin kanwa da gishiri, suna karɓar ayarin da ya ratso sahara. Kakanninka ko raƙumi ba sa sauke wa kaya sai an daidaita. Yau ga jikansu yana iya gyara na'urar da ke ɗauke da bayanan asibiti guda, amma bai iya cewa "ban sallama ba".

Sai dai zan ɓata maka rai in kare ejan kaɗan. Ba kasancewarsa ce laifi ba. Mutumin da ke zaune a ofis a Legas bai san akwai wani gari Birniwa ba, balle ya san jirgin ƙasan Kano zuwa Nguru ta nan layinsa ya bi. In ka ce masa Kirikasamma zai ɗauka addu'a kake ja masa. Wani ne zai nemo masa kai, ya tsaya maka, ya ɗauki laifi in ka gudu da kayan aiki. Sau da yawa shi ma ejan ɗin jira yake, don manyan kamfanoni kan riƙe kuɗin ɗan kwangila wata biyu ko uku bayan an kai takardar neman biya. Wannan wahala ce, kuma tana da lada. Inda ya zama zalunci shi ne ɓoye farashi. Shafin Fiverr da yaranku ke neman aiki a kansa yana yanke kashi 20 cikin ɗari na duk abin da aka biya mutum. Yankan yana da zafi, amma a rubuce yake, kana ganin sa tun kafin ka shiga. Naka ejan ɗin kuwa ya ɗauki abin da ya ga dama, ya bar maka abin da ya ga dama, ya kuma ce ka gode masa. Ka kuwa gode, na ji ka a saƙon farko kana cewa mutumin kirki ne.

Yanzu mu zo kan Shehu Laminu da kake ta ƙaiƙayin ambata. Na yarda, ya tsaya wa Borno. Amma me ya fi shahara da shi bayan yaƙi? Wasiƙu. Ya rubuta wa Muhammadu Bello, Bello ya mayar masa da amsa, hujja da hujja, har yau ana karanta su a Infaƙul Maisuri. Mutumin da ke cikin yaƙi ya sami sukunin neman tawada da takarda. Kai da ke yawo da kwamfuta a jaka da wayoyi biyu a aljihu, ko layi ɗaya ba ka da shi. Duk yarjejeniyarku a kiran waya aka yi ta. Ku Barebari kullum kuna yi mana gorin hadda, wai ku ne gwanayen Alƙur'ani, mu sai bin shanu. To Alaramma, ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani tana ƙarshen Baƙara, kuma a kan rubuta bashi take, da kafa shaidu. Ko ranar da aka biya wannan allon kana kasuwa sayen turare?

Ka ce za ka kai ƙara. Madalla. Dokar ƙwadago ta 1974 ta ce mai sana'ar samo wa wasu ma'aikata sai da lasisin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya. Ka taɓa tambayar ejan ɗinka nasa? Dokar ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku. Amma ga inda za ka yi dariyar da ta fi kuka ciwo: ma'aikacin da take nufi bai haɗa da masu aikin ƙwarewa da na fasaha ba. Wato wannan "Injiniya" da kake buga wa ƙirji, shi ne ya fitar da kai daga inuwar. Lebura ya fi ka gata a wannan doka. Abin da ya rage maka shi ne yarjejeniyar da kuka ƙulla, ita kuwa kotun ma'aikata da ke Kano za ta ce ka nuna mata. Sai ka kunna wa alƙali muryar "Oga ya yi tafiya". Abu ɗaya dai ka riƙe don ƙannenka: a 2023 Najeriya ta amince da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 181, wadda ƙa'idarta ita ce kamfanin samar da aiki ba ya karɓar kuɗi daga hannun mai neman aikin. Duk wanda ya ce wa yaro ya kawo kuɗin fom ko na rajista kafin a kai sunansa, a dube shi da kyau.

Ka kuma yi ta mamakin yadda farashinku ke faɗuwa. Ni ban yi ba. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, da ya mulki Jigawa daga 1999 zuwa 2007, aka kafa makarantar koyon kwamfuta ta Kazaure, lokacin da wasu jihohin ba su san inda aka dosa ba. Ga jami'ar Dutse, ga ta Kafin Hausa, ga kwalejin Binyaminu Usman a nan Haɗeja, kowace shekara suna yaye yara. Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ma tun 2019 ɗan Haɗeja ne, Kashifu Inuwa, ke shugabantarta, kuma a 2023 gwamnatin tarayya ta ɗauko shirin horar da matasa miliyan uku a wannan fanni. Duk alheri ne. Amma an koya muku haɗa waya da rubuta manhaja, ba a koya muku yanka wa kanku farashi ba. Ejan yana da lambobinku fal waya. In ka ce albarka, kafin ka ajiye wayar wani ɗan'uwanka Babarbare ya ce shi zai yi da rabi, don a sa sunan kamfanin Legas a takardar tarihin aikinsa. Kuna zaure ɗaya a WhatsApp, kuna tura wa juna hotunan ɗaurin aure da sanarwar rasuwa, amma ba wanda zai faɗi nawa aka biya shi, wai sirri ne. Sirrin nan ejan kaɗai yake wa amfani. Masu faci a tashar Haɗeja sun fi ku, don su kuɗin facinsu ɗaya ne, ka zaga duk layin ka gani.

Kuma ko rabin da aka yi maka alkawari, ka zauna ka yi masa lissafi? Farkon 2023 litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Dala da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 a farkon 2023 ta wuce 1,500 a 2024. Batirin kwamfutarka da na'urar rarraba intanet da kowace ƙaramar waya da dala ake shigo da su. Man babur ɗin da ka yi ta kutsa yashin Birniwa da shi daga aljihunka, data daga aljihunka, janareta daga aljihunka, ranar da ruwa ya cinye hanya ka kwana a garin da ba ka shirya ba, shi ma daga aljihunka. Farashinka kuwa yana nan inda ka bar shi shekara uku da suka wuce, kai ne ma ka karanta wa ejan shi da bakinka.

Da nan zan tsaya, sai wani tsuntsu ya kawo mini labarin yaron nan da ya gama difloma, wanda ka ɗauka ya taya ka. Shi ya hau tsani, shi ya huda bango, shi ya ja waya cikin silin da zafin watan bazara, kai kana ƙasa kana nuni da biro. Nawa ka ce masa an ba ka? An ce ka ce masa aikin taimako ne, ka ba shi kuɗin mai, ka ce ya daure, akwai manya suna tafe. Ashe karatun ejan ya zauna maka daram, ga hadda kuwa ta yi amfani. Da ka kira shi jiya ya ƙi ɗauka, ka ce yaran zamani ba su da kunya.

Don haka ga hukuncin ubangidanka. Ka kira yaron nan ka faɗa masa gaskiyar kuɗin, ka rubuta masa rabonsa ka sa hannu. Aiki na gaba, in an tambaye ka na baya, ka ce wannan aikin ake magana. Ka nemi wani abu a hannu kafin ka tayar da babur, a rubuta ranar biyan sauran, a rubuta wa ke ɗaukar mai da masauki, lambobin sirri kuma su zauna wurinka sai alat ya shigo. In ejan ya ƙi faɗa maka la'adarsa, ka ce masa ubangidanka Bafulatani ya hana.

Sannan Muharram na tafe, kuɗin sharata na bara ma ba ka biya ba. Kada ka ce mini kamfani bai saki kuɗi ba, kuma kada ka aiko ta hannun kowa. Ka kawo da kanka, da goro.