Masu Kokawa da Yumɓu

A farkon shekarun 1950 Bature Michael Cardew ya buɗe wurin koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wadda yau ake kira Suleja, ya kawo faifai mai juyawa cikin sana'ar da aka saba yi da hannu zalla. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20, ta shiga wurin a 1954 tana gwanar ginin hannu, amma ita ma sai da ta koyi karatun farko: a daidaita curin yumɓu a tsakiyar faifai har ya riƙa juyawa kamar ba ya motsi. Ka zauna gefe a ajin masu koyon wannan, za ka sha kallo.

Ga Mai Ƙarfin Tuwo. Yana zama ya buɗe gwiwoyin hannu kamar ungulu na shan hantsi, ya damƙi yumɓu sai ka ce ɓarawo ya kama a kasuwa. Malama ta ce masa: "Ɗan'uwa, kafa gwiwar hannunka a cinya, ka sunkuyo, nauyin jikinka ya yi aikin." Ina! Shi da ke ɗaga buhun masara shi kaɗai? Curin ya karkace, hannunsa ya bi, kafaɗa ta bi, har kai ya soma rawa. Cikin minti biyu ba ka san wa ke juya wani ba. Can sai curin ya tsinke daga faifai ya yi tsalle ya manne a bango, shi kuwa ya duba hannunsa cikin alfahari.

Kusa da shi Alhaji Kada-a-Ɓata ne, da farar shadda. Ya zauna nesa da faifai kamar mai gaida surukai, ya miƙa 'yan yatsu yana shafa. Yumɓun bai ma san da zuwansa ba.

Hajiya Sarkin Ruwa kuma, duk abin da ya faru maganinsa ruwa. Gaskiya ne hannu na son danshi don kada ya ja yumɓu, amma ita da soso take kwarara har curin ya sha ya ƙoshi, ya saki jiki. Ta zo gina tukunya, ta tashi da kunu. Maƙwabcinta ya bi ta ɗaya gefen: ya ɗauko yumɓun da ya kwana a buɗe, mai tauri kamar ƙanzo, kuma ya ƙi cuɗa shi. Cuɗawar nan ita ke fitar da iska, ta haɗa mai laushi da mai tauri su zama jiki ɗaya. In an tsallake ta, kowane zagaye sai wani ƙulli ya bugi tafin hannu. Shi dai ya rantse faifan ne ya karkace. Ya canza faifai uku. Duk ukun, in ji shi, na bogi ne.

Akwai kuma mai riƙe numfashi, wanda ya yi komai daidai, sannan ya fizge hannu kamar ya taɓa garwashi, curin ya koma gidan jiya.

Wadda na fi son kallo wata dattijuwa ce da ta shekara talatin tana tuƙa tuwon gidan yawa. Ta matsa yumɓu da babban yatsa, ta ji ya lotsa ba tare da ya liƙe ba, ta ce ya yi. Ta matso har faifan ya shiga tsakanin gwiwoyinta, ta kafa hannu, ta taso da curin kamar hasumiya, ta danne shi ƙasa, sau biyu, ta saki a hankali. Cak. Mai Ƙarfin Tuwo ya goge taɓo daga gira, ya leƙo ya ce: "Baba, don Allah in kin gama ki bar mini wannan faifan."