Masu Gudun Duniya, Kafin a Sayar da Shinkafa

Mu mutanen Gashuwa, a baki dai, babu wanda ya kai mu gudun duniya. Zauna a kowace majalisa bayan La'asar, daga Sabon Gari har Katuzu, ba za a gama zagayen shayi na biyu ba sai wani ya gyara zama ya ce shi fa duniya ba ta dame shi ba, in ya sami burabusko da miyar kuka da ɗan kan tarwaɗa a gefe, to ya fi gwamna barci. Duk mu gyaɗa kai, mu ce wallahi haka ne, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Ana cikin gyaɗa kan ne wani yaro zai gifta a kan sabon babur, ko ledarsa ba a ɓare ba, sai ka ga wuyan majalisa gaba ɗaya ya juya ya raka shi har kwana. Mai wa'azin nan kuwa shi zai riga kowa tambaya: "Wannan ɗan gidan wa ne? Nawa irinsa yake yanzu?"

Wadatar zucinmu ma da lokacinta take zuwa. Da marka take sauka, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, kuɗin taki ya cinye aljihu, mai shago ya fara ɗaure fuska in ya hango mu. A wannan watan kowa sufi ne. Za ka ji mutum yana cewa nama ma ba lafiya ba ne, likitoci sun hana, zogale da rama su ne abincin magabata. To bari a yanke shinkafa a fadama, a casa, dillalai su zo da motoci su loda. Samun wuri, kuturu da gaɗa cikin rama! Wanda likita ya hana nama shi ne a gaban mai tsire yana cewa a ƙara kitse. Wayar da ya rantse ta ishe shi tunda tana kira tana amsawa, an miƙa wa uwargida, ya sayo mai shafawa wadda ko lambar ƙaninsa sai ɗansa ya lalubo masa. Daga nan sai a fara ƙishin-ƙishin ɗin ana ganinsa da almuru a wata unguwa, hula zanna a karkace, yana ƙamshin turare. Kafin shuka ta zagayo ya dawo majalisa ya ɗora karatun zuhudu daga inda ya tsaya, mu kuma mu matsa masa wuri ba tare da tambaya ba, don kowa ya san inda ya je. Tare muka je.

Kada iyayenmu mata su yi mana dariya, su ma suna ciki. Goggo za ta zaunar da 'yan mata ta ba su labarin yadda aka kai ta ɗaki da tabarmar kaba da ƙorai da tukunya biyu, aure kuma ya yi albarka, ba irin na yanzu ba. Ranar da aka kawo lefen jikarta, ita ce za ta fara ƙirga akwatuna, ta murza atamfa da yatsa ta ji ko ta gaske ce, ta taɓe baki ta ce, "Ikon Allah, iyakarsu ke nan?"

Wani ɗanmu da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta nan garin, wadda aka kafa a 2013, ya taɓa kawo wa majalisa labarin wani Ba'amurke, Henry David Thoreau, wai a 1845 ya bar gari ya kafa bukka a bakin wani tafki mai suna Walden, ya zauna shekara biyu da wata biyu yana noman wake yana kamun kifi, daga baya ya rubuta littafi a kan zaman, aka buga a 1854, har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Wani dattijo ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Yaro, wannan ai masunci ne. Namu suna tare a bakin ruwa kowace shekara, har da sauro, ba wanda ya ba su ko takardar yabo." Aka yi dariya. Yaron bai karaya ba, ya ce, "Baba, bambancin shi ne shi yana da wurin zuwa. Ya yi karatu a Harvard, mahaifinsa yana da masana'antar fensir, da ƙafarsa ya zaɓi bukkar." Nan majalisa ta ɗan yi tsit, don an taɓa mu inda yake ciwo. Yawancin sauƙin rayuwarmu ba mu muka zaɓe shi ba, shi ya zaɓe mu. Abin da ya dawo mana da fara'a shi ne da yaron ya ƙara da cewa mutumin yakan taka zuwa cikin gari a kai a kai ya ci abincin gidansu. A'a, ashe namu ne! Ya kuma ce a 1846 Thoreau ya kwana ɗaya a kurkuku saboda ya ƙi biyan haraji ga gwamnatin da ta yarda da bauta. Wannan kam mun fi shi ƙwarewa, da mun hango masu rasit a bakin kasuwa muke zagayawa ta lungun masu ƙuli-ƙuli, sai dai mu ba don an bautar da kowa ba ne.

Sai batun kogi. Wannan in aka taɓo shi kowa mawaƙi ne. Kogin nan shi ne uwarmu da ubanmu, in ji mu. Sama da garin nan kaɗan ruwan Haɗeja da na Jama'are ke haɗuwa, su zama Kumadugu Yobe, ya wuce ta Geidam ya nufi Tafkin Chadi, kuma duk shinkafar da ake mana kirari da ita da kifin da ake lodawa zuwa kudu daga gare shi suke. In ka tambaye mu me ya same shi, amsa tana bakin kowa, har yaron da bai taɓa zuwa Kano ba: Tiga da Challawa. Ba ƙarya muka yi ba. Tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974, aka ƙara da Challawa a 1992, ambaliyar da kakanninmu suka san lissafinta ta rikice. Da, ruwa kan zo da damina ya malala a fadama, da rani ya janye ƙasa ta sha iska. Da aka riƙa sako shi rani da damina, sai kachalla ta sami abin da take so, ta yi daji, ta toshe hanyoyin ruwa, ruwan ya karkata ta rafin Marma ya mamaye gonakin mutanen Nguru, wasu wuraren kuma ya bar su da ƙura. Tsuntsun jan baki ya sami masauki a cikin kachallar, yana kwana lafiya yana karya kumallo da shinkafarmu. Mu da mutanen Nguru, waɗanda har yau suke mana gorin jirgin ƙasa ya iso musu tun 1930, wannan ne kaɗai zancen da ba ma musu a kansa.

Amma laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Tiga ce ke zuba ledar fiya wata a gindin gada? Challawa ce ta kwashe gidan sauron da asibiti ya raba wa masu ciki ta mai da shi koma? Gidan sauron nan ba ya barin ko jikan karfasa, abin da bai kai ɗan yatsa ba ma sai ya tattaro, mu shanya, mu daka, mu zuba a miya, sa'an nan mu zauna muna jimamin wai kifi ya ƙare, ina giwan ruwa irin na da, ina bargi. A da akwai tafkunan da ba mai jefa koma sai sarkin ruwa ko bulama ya ce an buɗe, kuma wannan tarbiyyar ce ta haifi bikin kamun kifin Bade da ake taruwa dominsa a wajen Gogaram, masunta bisa gora, Mai Bade da baƙinsa suna kallo. Ranar biki duk muna alfahari da al'ada. Sauran ranakun shekara kuwa, a datse hanyar ruwa da dumba cikin dare, kifi na ganinka mai jar koma. Kowa ya haddace cewa don tuwon gobe ake wanke tukunya, sai dai kowa yana jira maƙwabcinsa ya wanke.

Kogin ma ya san halinmu. Mukan sayi fili a inda kakanninmu suka san hanyar ruwa ce, don ya fi araha, mu ce ai ruwa ya daɗe bai zo nan ba. Da ya zo a 2022, dukanmu muka fito da buhuna muna cika yashi, malami da ɗan kasuwa da ɗan acaɓa, aka yi zumuncin da ba a yi ko ranar Salla. Ruwa na janyewa aka koma buga bulo a wuri guda.

Tsuntsaye kuwa, da su muke yi wa baƙi burga. Dagona tana nan kusa, inda tsuntsaye ke tasowa tun daga Turai su yi hunturu, har mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, Yarima Philip, ya zo ganinsu a 1989. Wannan labarin ba baƙon da zai kwana biyu a garin nan bai ji shi ba, galibi daga bakin wanda bai taɓa taka Dagona ba. Bature yana kallon dinya da madubin hangen nesa yana rubutu, mu muna kallonta muna auna ko za ta ishi gida. Shamuwa ce kaɗai ta tsira, ita ba mai taɓa ta, tana sheƙa a tsakar gida a bar ta, don ita ke kawo albishirin damina. Ashe mun iya kyautata wa tsuntsu, in yana da abin da zai faɗa mana.

Inuwa ma haka. Ba wanda ya kai mu sanin darajar darbejiya a watan Afrilu, har faɗa ake a kan wa zai ajiye babur a gindin ta ƙofar gidan wani. Hamada tana leƙo mu ta Yusufari, muna zuwa Tulo-Tulowa mu hau tudun yashi mu ɗauki hoto mu sa a Facebook, mu dawo mu tsaya a hanya mu sayi buhun gawayi, har da ciniki, a ce na ƙirya ne ko na me. Ranar dashen itatuwa a sa manyan riguna, a tona rami, a zuba ruwa da buta, a tafa. Washegari akuya ta zo ta yi nata bikin. Kuma akuyar kowa saliha ce, ta maƙwabci ce mai ɓarna. Goruba tana nan ta ba mu kaba tun kaka da kakanni, muna yabon sanyin tabarmarta a zaune a kan tabarmar roba. Ruwan randa, in ji mu, ya fi na firji lafiya, har sai yaro mai ƙanƙara ya wuce.

Inda zancen ya fi daɗi, ya kuma fi kunya, shi ne mudu. Mu masu tsoron Allah ne, ba a fin mu sammakon sahu. Amma akwai gidajen da mudu biyu ne, na saye da na sayarwa, kuma ba su taɓa rikicewa ba. Buhun shinkafa, sama tsaba ce zalla, ƙasa kuwa sai wanda ya saya ya ba da labari. Kwalin kifin banda, manya a sama suna murmushi, ƙanana a ƙasa suna jiran Allah. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, shi ya sa mai saye ma yake cusa hannu har gwiwa, don shi ma haka yake yi a nasa buhun. Wanda ba na dariya ba shi ne maganin ƙwari da wasunmu ke fesa wa busasshen kifi da wake don kada su lalace, su ware na gida daban. Garin da ciwon ƙoda ya ɗauke masa mutane har masana suke ta ɗibar ruwa da jini suna bincike, ai bai kamata a ga galan ɗin maganin feshi ya koma na ɗebo ruwan sha ba. Ana gani, kuma a gaishe da mai shi a wuce.

Duk da haka akwai su, masu yin abin da muke faɗa. Kowace unguwa tana da ɗaya ko biyu. Tsohon masuncin da in ƙaramin kifi ya shigo komarsa yake mayar da shi ruwa, tsohuwar da ke saƙar faifai ta faɗi kuɗinsa sau ɗaya ba ƙari ba ragi, malamin da ya dasa itace a ƙofar gida ya kewaye shi da ƙaya ya yi ta ba shi ruwan alwala har ya zama majalisa. Ba sa wa'azin wadatar zuci, ba su ma cika zama cikinmu ba. A bayan idonsu mukan ce ba su waye ba, wane ai bai san duniya ba, da ni ne da wannan dama da tuni na yi bene. Amma in za mu yi tafiya, wa muke kai wa ajiyar kuɗi? In rabon gado ya rikice, wa ake kira ya faɗi iyakar gona? Ba a taɓa kiran wayayye ba.

Sai kuma 'yan'uwanmu na Damaturu da Abuja, waɗanda kowannensu ya rantse da ya yi ritaya zai dawo ya kafa lambu a bakin kogi, ya huta da hayaniya. Sukan zo da Salla, su kwana biyu, sauro ya gaisa da su, su yi ta ɗaga waya sama suna neman sabis. Rana ta uku a cika but da shinkafa da kifi da ƙuli-ƙuli, Alhaji ya leƙo ta tagar mota, sanyin na'ura yana fitowa, ya ce, "Wallahi Kawu, ku ne kuke jin daɗin duniya." Kawu ya ce, "Haka ne ɗana, mun gode Allah," yana zura masa takardun ɗansa ta tagar, ko za a samo wa yaron ɗan aiki a can.