Masu Cin Abinci da Kura a Gefe

A wurin shaƙatawa na Walt Disney World, wanda aka buɗe a jihar Fulorida ta Amurka a 1971, akwai gidan abinci mai suna Chef Mickey's. Iyalai kan kama gurbi tun saura kwana 60, su zube daloli, don kawai suna cikin karin kumallo wani ya zo sanye da kayan ɓeran nan Mickey Mouse, ya rungumi yara, a ɗauki hoto.

Mutanen garin Kongolam da ke bakin iyaka ba sa neman biza kan wannan. In Sallar Gani ta zo a watan Rabi'ul Awwal, sai a cika mota da yara da kuloli a nufi Daura kallon hawan sarki. A leƙa rijiyar Kusugu, a nemi inuwa, a baza tabarma. Ana buɗe kular farko masu wasa za su sauka: gardi da kurarsa da goggon biri, maroƙi da bakinsa, ɗan kama da gangarsa. Sai dai masu cin abincin sun fi masu wasan abin kallo.

Na farko shi ne Bayajidda ƙarami. Tun a bakin Kusugu yake cika baki cewa da a zamaninsa macijiyar rijiyar ta hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da da takalmi zai gama da ita. Gardi na zaro mesa daga buhu, sai a nemi jarumi a rasa. Can a gano shi bayan zanen uwarsa, cinyar kaza na hannu, bai yar ba.

Sai maigida mai lissafi. Ya ba gardi ɗari biyu, don haka sai an yi masa wasan ɗari biyu cif. Biri ya yi tsalle sau ɗaya, ya ce, "Malam, ai yaran ba su gani ba, a sake." Yaran kuwa duk sun rufe ido.

Kaka tana gefe da carbi, tana tofa wa jikoki addu'a, tana cewa wannan zamani ya lalace. Ita ce kuma ta fi kowa miƙa wuya. In gardi ya juya zai tafi, ita za ta kira shi a tambayi kuɗin layar maganin tsoro.

Akwai budurwar gidan, mai waya. Wainarta ta huce, miyar taushe ta daskare, ita tana neman inda haske zai kama ta da kura tare, amma da tazarar taku goma. Hoton zai hau WhatsApp kafin ta kai loma ɗaya baki.

Sai Kawu, wanda ya tsallako iyaka daga Dan Barto da kilishi a takarda da sefa a aljihu. Tun da naira ta faɗi a 2023, takardar sefa dubu ta fi ta naira dubu nauyi, kuma babu wanda ya fi maroƙi sanin haka. Nan take zai bar maigida a tsakiyar kirari ya koma kan Kawu, ya haɗa masa dangantaka da sarakunan Damagaram. Maigida ya ɓata rai ya ce furar ta yi tsami.

Uwargida ba ta kallon kowa sai kula. Ta ƙirga yankan nama tun daga gida, ta san rabon kowa, kuma ta san wanda take tsoro a filin nan ba kura ba ce, tunda ita an ɗaure mata baki.

Ɗan kama take tsoro. Zai tsuguna ya gyara murya kamar malamin da zai buɗe karatu, amma babin tuwo da miya zai ja, ya bi sunan duk abin da ke kan tabarmar yana yi masa kirari, tun daga dambun nama har alkaki. Ana dariya hannunsa na matsawa. Mickey ba ya magana, ba ya taɓa abincin baƙi. Ɗan kama kuwa ba ya tashi sai ya ga gindin kwano.

Duk mai shirin kai iyalinsa Ganin bana, ya tanadi canji, ya kuma ce a ƙara mudu guda a shinkafar.