Yadda Ake Sallamar Sauro Daga Tsakar Gida

Maigida, kafin ka ɗora wa fadamar bayan gari laifi, zagaya tsakar gidanka tukuna. Sau da yawa sauron da ke rera maka waƙa a kunne da tsakar dare ɗan gida ne. A nan aka haife shi, a nan aka yi sunansa, kuma kai ka ba uwarsa ɗakin jego.

Uwar ce ma mai cizon. Namijin sauro bawan Allah ne, ruwan furanni yake sha ya kwanta. Ita kuwa sai ta sha jini ƙwanta yake ƙosawa, daga nan ta nemi kwantaccen ruwa ta zuba shi. Ba ta neman tafki. Tsohuwar tayar da ka jingine tun bara da niyyar za ta yi amfani wata rana ta ishe ta. Haka gwangwanin tumatir, fasasshen tulu, kaskon ruwan kaji, ledar fiya wata da ta maƙale a lungu, da ɗan ramin da indararo ya haƙa a gindin katanga. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa sauro mai fiffike kwana 7 zuwa 10 ne kacal. Wannan lissafin shi ne makaminka: in ka kifar da ruwan sau ɗaya a mako, ka raba ta da zuriyarta tun ba su koyi tashi ba.

Don haka ka ware rana guda, Asabar misali, ka fito da yara. Ka naɗa babban Sarkin Kifewa, ƙaramin ka ba shi Wakilin Gwangwani, za ka sha mamakin abin da za su zaƙulo daga bayan akurki. Tayar nan a huda ta ko a cika ta da ƙasa a shuka barkono. Ramuka a cike su da yashi. Uwargida, randa da duro naki ne: murfi mai kamawa, ba faifan da iska ke ɗagewa ba, kuma ranar wanke su a goge cikinsu da soso sosai, domin akwai nau'in sauron da ke manna ƙwansa a jikin mazubi, ƙwan ya jure bushewa wata da watanni yana jiran ruwa. Shi ne mai ɗigon fari a ƙafa, mai cizo da rana, mai yaɗa shawara da denge. Kwata kuwa a yashe ta har ruwa ya riƙa gudu.

Sai batun ganyaye, inda jama'a suka fi sa rai. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko bedi, da ɗoɗɗoya, da sarakuwar sauro, da busasshen ɓawon lemo, duk iyayenmu sun yi aiki da su, kuma suna da amfani. Amma shuka ɗoɗɗoya a bakin ƙofa ba ya mai da ita maigadi. Sauro zai wuce ta gefenta ko gaisuwa babu. Sai an murza ganyen ƙamshinsa ya fita, ko an zuba shi kan garwashi a kasko dab da magariba, a ajiye ta inda iska ke shigowa. Hayaƙin zai ba ku damar cin tuwon dare da hira ba tare da tafi ba, amma yana lafawa baƙin suna dawowa. Kuma a sarari ake yinsa. Kada a kai kasko cikin rufaffen ɗaki, balle kusa da jariri ko mai asma.

In akwai wuta, kunna fanka wajen tabarmar hira, sauro ba gwanin tashi ba ne, iska kaɗan ke watsa shi. Dogayen ciyayin gindin katanga, inda yake ƙailula, a nome su.

Raha ta tsaya a bakin gado. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya 'yan Najeriya ne, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 ta fi kashewa. Sauron da ke kawo ta da dare yake aiki, lokacin da kasko ya daɗe da mutuwa. Gidan sauron da aka raba muku a ɗaura shi, a tura bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma, a ɗinke inda ya huje. Ba don shingen lambu ko ragar gola aka ba ku shi ba. Yaro ya yi zazzaɓi, a kai shi a gwada jininsa ranar, kada a tsaya jiƙo.

Saura maƙwabci. Sauro bai san iyakar fili ba, katanga kuma ba ta tambayarsa takarda. In kwatar Malam ta toshe, kada ka aika yaro da saƙo. Ɗauki shebur ɗinka ka yi masa sallama da safe, ka fara yasa daga bakin ƙofarsa. Kunya za ta fito da shi da nasa shebur kafin ka cika baho ɗaya.